Shekarar Baƙin Zoɓo

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini kwana har na ga jikokina sun yi wayo. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, don haka bakina ne yake faɗa, hannun 'yata Hajara yake rubutawa. Na ce mata kada ta gyara mini zance, yadda ya fito haka za ta ajiye shi. Abin da zan faɗa muku ya shafi sunan nan da kuka tashi kuka tarar ana kirana da shi, wato Mai Kanwa. Kun ji gwaggwanninku suna faɗa kun yi dariya, ni ma na taya ku. An ce muku wai ranar wani suna na tuttula kanwa a zoɓo har ya koma kamar ruwan rini. Zoɓon ya lalace, wannan gaskiya ne. Sauran labarin kuwa akwai gyara, kuma waɗanda gyaran zai sosa duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Kakarku ta wajen uba, wadda har yau bakina ba ya iya kama sunanta sai dai in ce Iya, ita ce mai zoɓon ƙauyenmu. Ba sayarwa take yi ba. Amma in ana suna, ko biki, ko saukar karatu, ko Sallah, ba a ce taro ya cika ba sai an sha na hannunta. A nan wajenmu, kusa da Tsanyawa, kun sani gona ba ta da faɗi, ta wannan tana jingine da ta wancan, sai a shuka yakuwa a kan iyaka don kowa ya san inda garmarsa za ta tsaya. Hatsin na maza ne, yakuwar kan iyaka ta mata ce. Idan kaka ta yi aka kwashe gero da dawa, sai mu bi iyakar gonar bayan gida da ƙwarya muna tsinkowa, mu zauna gindin darbejiya mu ɓare, a ware gurguzu, wato ƙwayar cikin, don daddawa, jan kuma a baza shi a tabarma a inuwa. Iya ba ta yarda rana ta buge shi, ta ce rana tana shanye masa ja. Kuma ba ta ɗora zoɓo a wuta. Kayan ƙamshin take tafasawa, citta da kanumfari da masoro da kimba ƙwaya uku, ba ta wuce uku, sannan ta sheƙa ruwan a kan wankakken zoɓo ta rufe da faifai. In ya huce a tace da farin ƙyalle a juye a randa. Duk wannan kowa zai iya. Inda ake gane hannu shi ne wajen kanwa, don zoɓo tsami gare shi mai kashe haƙori, jiƙaƙƙiyar kanwa ce take karya shi. Iya ba ta awo, idonta ne ma'auninta. A jawo randa bakin ƙofa inda haske yake, suruka tana juyawa da muciya, ita tana tsiyayawa daga ƙoƙo kaɗan-kaɗan tana kallo. Jan nan mai haske sai ya fara nauyi, ya yi ta nauyi, har ya koma kamar lallen da ya kama sosai a tafin hannu. Nan take tsayawa. In aka wuce nan ya tafi ke nan, ba ya dawowa. A al'adar gidan kuwa, babbar mace ce take riƙe ƙoƙon kanwa, ba a yi mata magana in tana zubawa, kuma ranar da aka karɓe ƙoƙon daga hannun mace, ranar ta zama ta zaman ɗaki.

Shekarar da nake faɗa muku, ina goyon Hajara, na shekara shida a gidan. Da damina na fara lura. Iya ta daina tsince tsakuwa a wake, ta ce bayanta ke ciwo. Ta riƙa miƙo mini allura in zura mata zare, ta ce hannunta ke rawa. Wata rana na tsaya gabanta da ƙwaryar fura ban yi magana ba, sai ta kira ni Laraba, sunan autarta, alhali Laraba tana gidan mijinta a Tofa. Suruka ba ta kallon uwar miji a ido, amma wata yamma ta ɗaga kai tana neman hadari, na saci kallo, na ga wani fari-fari kamar ɗigon nono a tsakiyar idanunta duka biyu. Na sunkuyar da kai na ci gaba da daka. Ban faɗa wa kowa ba, ko babanku, domin na san abin da take tsoro.

Babbar 'yarta, Gwaggonku Asabe, tana aure a Bici, kuma ta daɗe tana son ɗauke Iya. Mace ce mai kirki mai kaifin baki, in ta so ka sai ka gaji da soyayyar. Duk zuwan da za ta yi sai ta tayar da maganar.

"Iya, me kike tsarewa a nan? Ga ɗaki na share miki, ga famfo, ga wuta."

"Wutar da ake kawowa ranar da ta ga dama?" in ji Iya. "Bar ni da yakuwata, Asabe. Ranar da kika ga na kasa, ki zo da mota."

"Zan zo kuwa. Kada ki ce ban faɗa ba."

Bayan kaka Laraba ta dawo gida haihuwar fari, kamar yadda ake yi, ta haifi Garba, wannan dai Garban da kuke zuwa wajensa gyaran babur. Aka sa suna a gidanmu, dangin miji za su taso daga Tofa mota guda. Laraba ta riga ta cika musu kunne da zoɓon uwarta tun tana amarya, har uwar mijinta ta aiko cewa ita ba don jariri za ta zo ba, don zoɓo za ta zo. Iya ta ce a fito da zoɓon shekarar duka, kada a rage ko tafi guda, a wanke randar biki, wadda sai mutum biyu suke ɗauka.

Ranar suna da hantsi, maza sun gama raɗin suna sun watse, aka jawo randa bakin ƙofar Iya. Ƙamshin citta ya cika gida. Asabe da sauran mata suna wajen murhu suna fama da tuwo, sun ba mu baya, amma tsakaninmu da su bai fi taku goma ba, ko tari ka yi za su ji. Na kama muciya, Iya ta yi bisimilla ta fara tsiyayawa. Ja ya fara nauyi. Ya kai inda take tsayawa, na gan shi da idona, kyakkyawa, ban taɓa ganin ya yi kyau kamar na ranar ba. Iya ba ta tsaya ba. Ta sunkuya tana leƙen randa kamar mai neman abin da ya faɗa rijiya, ƙoƙo yana karkace a hannunta. Hannuna ya tsaya da kansa.

"Juya mana, 'yar nan," ta ce.

Na ci gaba da juyawa. 'Ya'yana, wannan wurin nake so ku ji da kyau, don kada ku ɗauke ni waliyyiya. Kalma biyu ce za ta ceci randar nan, in ce ya isa. Amma ba a taɓa jin suruka ta ce wa Iya ya isa ba, da na faɗa da Asabe ta waiwayo, da ta waiwayo kuwa da ta gani. Wannan shi ne dalilin da nake ba kaina daga baya. A lokacin kuwa ban yi wannan lissafin ba, kunya ce kawai ta ɗaure mini harshe, irin wadda aka raine mu da ita. Ina kallo ja ya mutu, ya koma shuɗi-shuɗi, ya koma baƙi da kumfa mai launin toka a sama, hannuna yana ta juyawa. Sai da ƙoƙon ya ƙare tas. Iya ta miƙo mini shi ta ce a sa sukari, ta dafa bango ta shiga ɗakin mai jego.

Ina tsaye da ƙoƙo a hannu Asabe ta iso da kwanon sukari. Ta leƙa randa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Inna lillahi. Mene ne wannan?"

Mata suka taso suka kewaye mu. Na ga idon Asabe ya bar randa ya nufi ƙofar da Iya ta shiga, sai na ji bakina yana magana.

"Ni ce, Yaya. Na ga kamar bai isa ba, da Iya ta shiga na ƙara."

"Kin ga kamar. Ke har kin fara gani a gidan nan?" Ta karɓe ƙoƙon ta kifa shi, ko ɗigo bai sauka ba. "Duka kika juye? Wai ku a gidanku da kanwa ake yaye ku?"

Aka jiƙa tsamiya aka zuba ko zai farfaɗo. Ya ɗan yi ja-ja kamar ruwan kududdufi, amma a baki sai ka ce ruwan wanki. Babu saura a gida, ba ranar kasuwa ba ce, kuma ga ƙarar mota a ƙofar gida. Iya ta fito jin hayaniya. Asabe ta ɗebo a ludayi ta miƙa mata tana cewa ta ɗanɗana aikin surukarta. Iya ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Mata suka fara kallon juna. Ba ta juyo wajena ba.

"A zubar," ta ce. "A dama kunu."

Mutanen Tofa suka sha kunu. Uwar mijin Laraba, tsohuwa ce mai barkwanci, ba da mugunta ta yi ba, ta ɗaga kofi ta ce ashe a Tsanyawa zoɓo fari ne, sannan ta ce a nuno mata Mai Kanwar ta gaishe ta. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, aka jawo ni daga bayan rumbu inda nake wanke-wanke. Daga ranar sunan ya zauna. Babanku ya yi kwana uku ba ya ce mini komai sai amsa gaisuwa. Labari ya kai wa mahaifiyata a kasuwa, ta aiko a tambaye ni ko haka ta koya mini. Laraba ta yi kuka, don ita za ta koma cikin mutanen nan. Na Laraba ya fi ci mini rai, don ita ba ta san komai ba aka haɗa da ita.

Bayan kwana biyar, da la'asar, Asabe ta koma Bici, mai jego tana barci, Iya ta kira ni. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, aikin da hannu yake yi ba sai da ido ba. Na durƙusa nesa kamar yadda na saba.

"Ba can ba. Nan."

Na matso har ina jin ƙamshin man kaɗanyar da take shafawa.

"Ƙoƙon nan da na miƙa miki, da saura a ciki?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin zanina.

"Tambayarki nake, 'yar nan."

"Babu, Iya."

"To me kika ƙara?"

Sai hawaye suka zubo mini. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta bar ni na yi mai isata.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun damina."

"Tun damina," ta maimaita. "Ni ina ta ɓoyo, ashe a tsakar gida nake ɓuya. Na ji hannunki ya tsaya ranar nan. Na ɗauka gajiya ce." Ta kakkaɓe zaninta. "Zan aika a kira Asabe in faɗa mata. Ba zan bar ki da sunan da ba naki ba."

"In kin faɗa za ta zo da mota."

"Za ta zo."

"To wa zai riƙe mini Hajara in ina daka? Wa zai tsawata wa ɗanki in ya kumbura fuska?"

Ban san inda na samo ƙarfin halin faɗar haka ba. Iya ta yi dariya ƙasa-ƙasa har kafaɗunta suna rawa, ta ce ashe ina da baki. Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara shida. Tafinta kaushi gare shi kamar bayan ƙwarya. Ta ce ita ba Bici take tsoro ba, zama take tsoro, a ajiye ta a kan katifa ana kawo mata abinci ana tambayarta ya jiki tun safe har dare. Na ce to a bar shi yadda yake, suna ba ya ciwo. Ta ce yana ciwo, ta sani. Can ta ce:

"In Allah ya kai mu Sallah, ke za ki juya. In kika ga ya kai, ki tsayar da muciya. Wannan karon zan ji."

Da Sallah ta zo muka sayo zoɓo a kasuwa, tunda namu ya tafi a kwata. Asabe ta zo yawon Sallah, ta gan ni da muciya ta ce sam, a kira ko wace ce ban da ni. Iya ta ce juyi kawai zan yi, kanwa tana hannunta, in tsaya in koya. Ta yi bisimilla ta fara tsiyayawa, ta sunkuya tana leƙe kamar mai gani. Ni kuwa ina jan muciya a gindin randa da gangan don ta riƙa yin ƙara Iya tana ji. Ja ya yi nauyi, ya kai, na tsaya. A daidai nan ƙoƙon ya miƙe a hannunta. Asabe ta ɗanɗana ta lumshe ido.

"Kin gani ko, Mai Kanwa? Haka ake yi. Ido ake sawa, ba ƙarfi ba."

"Na gani, Yaya," na ce.

Shekara huɗu muka yi haka. Mun yi na bikin gidan Liman, mun yi na saukar ƙanen babanku, mun yi Sallah takwas, ba a taɓa samun wanda ya kuskure ba. Sunan Iya ya ƙara nisa, nawa ma ya ƙara nisa ta ɗaya gefen, har 'yan mata in za su sa kanwa a miya sai su ce Allah ya raba mu da hannun wance. A gida kuwa na zama idonta a komai. In baƙuwa ta yi sallama sai in riga ta gaishe ta da suna da ƙarfi. Na daina matsar da turmi da tulu daga inda ta san su. Babanku bai taɓa tambaya ba, ban kuma san iyakar abin da ya gane ba. Na dai san tun daga shekara ta biyu shi da kansa ya cike ramin da ke hanyar banɗaki, bai ce don me ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A shekara ta biyar Iya ta yi tuntuɓe da igiyar akuya ta faɗi ta goce a kafaɗa, asiri ya tonu. Asabe ta zo da motar da ta daɗe tana alkawari, ta wuce da ita asibiti a Kano. Likita ya ce yanar ido ce, kuma ana cire ta. Aka yi wa idon dama aiki ya buɗe. Na hagu kuwa ya ce ya daɗe da yawa har ya jawo wani ciwon a ciki, ya riga ya mutu, da an kawo ta da wuri da an cece shi. Mu ba mu san ana cire yana ba, mun ɗauka tsufa ne, tsufa kuwa ba a kai shi asibiti. Amma rashin sani bai dawo da idon ba. Ni na taya ta ɓoyewa, ni na ce kada a kira Asabe. Na tsare mata ƙoƙonta shekara huɗu, na kuma taya ta rasa ido guda. Har yau in na idar da salla ina sa wannan a cikin abin da nake neman gafara a kai, kuma har yau ban san wanne ya fi nauyi ba.

Da Asabe ta zo ɗaukar kayan sawar Iya, ta same ni a madafa.

"Ke da kike tare da ita safe da yamma, ba ki gani ba?"

"Na gani."

"Tun yaushe?"

"Da daɗewa, Yaya."

Ta tsaya tana kallona, bakinta yana motsi kamar mai ƙirga shekaru. Na jira faɗa. Ba ta yi ba, ba ta kuma ƙara tambaya ba, ta ɗauki ƙullin kaya ta fita. Har ta rasu Mai Kanwa take kirana, sai dai duk kaka sai ta aiko mini da citta da kanumfari daga Bici, ta ce a ba ni a hannuna.

Wata uku Iya ta yi a Bici ta ce ita fa ta warke, a mayar da ita. Asabe ta yi faɗan, ta yi lallashin, Iya ta ɗaure kayanta ta zauna a zaure har aka nemo mota. Ta dawo ana saura kwana biyu Babbar Sallah, da tabarau mai kauri. Ta tsaya a tsakar gida ta riƙe fuskar Hajara ta daɗe tana kallo, don rabonta da ganinta sosai tun tana jaririya. Sannan ta juyo ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe na yi ƙiba ba wanda ya gaya mata.

Ranar jajibere aka jawo randa bakin ƙofa. Na kama muciya ina juyawa a hankali, ba na jan ta a gindi, don yanzu mai ido ta dawo, aikina juyi ne kawai. Iya ta yi bisimilla ta karkata ƙoƙo. Sai na ga ba randa take kallo ba, ta kawar da kai gefe, ta juyo kunnenta wajena.

"Iya, ai kina gani yanzu," na ce a hankali.

"Idon nan sabo ne, ban san halinsa ba," ta ce. "Ja muciyarki in ji. Ki tsaya mini inda kika saba."

Na ja muciya a gindin randa. Da ja ya kai na tsaya, ita ma ta tsaya. Haka muka ci gaba har shekara uku da suka rage mata, Allah ya haskaka kabarinta.